Adudun kaka ko kantin zamani: wanne ya fi riƙe mace a bazara?

A watan Afrilu aka sa bikin, a Sakkwato kuwa. Duk wadda ta taɓa yin Afrilu a Sakkwato ba sai an yi mata dogon bayani ba: zafi yakan haura digiri 40, ruwan famfo da rana kamar yanzu aka sauke shi daga murhu. Tun da hantsi aka ɗauko mai kwalliya, ta zo da akwatinta mai hawa uku, ta jera mu kamar 'yan makarantar allo. Da ta gama da ni na leƙa madubi, sai da na ji kaina ya ɗan kumbura. Ana kiran azahar aka ɗauke wuta. Kafin la'asar abin da aka shafa min ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, girar da aka zana ta fara gangarowa, bakin mayafina ya koma ruwan ƙasa.

Kakarmu tana gefe a kan tabarma da maficinta. Ba komai a fuskarta sai kwalli, ƙafarta jawur da lalle, in ta motsa ƙamshin humra ya taso daga zaninta. Ta ƙare min kallo ta ce, "Ke 'yar nan, wane magini ne ya yi miki yaɓe bai bari ya sha iska ba?"

Dariyar da aka yi min ranar ita ta sa na koma bin kayan adudunta ɗaya bayan ɗaya, ina gwada su da na kanti. Masu cewa tsohuwar zuma da ita ake magani sun yi gaskiya a wurare da dama. Amma a cikin adudun nan akwai abin da ba zan bari ya kusanci 'ya'yana ba, a kantin ma akwai abin da kaka ba ta da madadinsa. Tambaya biyu nake yi wa duk abin da zan shafa a bazara. Zai bar gumi ya fita ya bushe, ko toshe shi zai yi? In kuma na daɗe ina amfani da shi, me zai bar min a jiki?

Wanka da mai

Da ruwan toka da mai ake yin sabulun salo. Shi ne Yarbawa ke kira ose dudu, 'yan Gana kuma alata samina. Wajen yanke maiƙo da tsamin gumi ban ga sabulun kantin da ya fi shi ba, ga shi kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Aibinsa kaifi. Fatar mutum tana da ɗan tsami na halitta, a ma'aunin tsami da ake kira pH tana wajen 5, shi kuwa sabulu irin wannan yakan kai 9 ko 10. In sau ɗaya ne a rana, fata za ta jure ta koma daidai. To a bazara wace ce ke wanka ɗaya? Da asuba, da azahar, da dare, kowanne a dirje da soso da salo. Kwana huɗu sai ki ji jiki yana ja, ƙauri ya yi furu-furu, ƙaiƙayi ya taso, ki ɗora wa zafi laifi alhali sabulu ne.

Kakarmu sau ɗaya take taɓa shi, da yamma, kuma ba ta goga curin a jiki. A tafin hannu take murza shi ya yi kumfa, saboda ɓurɓushin da ke cikinsa yana karce fata. Sauran wankan watsa ruwa ne kawai, sai hammata da matsematsi da ƙarƙashin mama da za a ɗan bi da kumfa. Wannan tsarin nata shi ne daidai, ko da salo kike wanka ko da na kanti.

Sabulun da aka rubuta wa mai kashe ƙwayoyin cuta bai kai kuɗin da ake ɗora masa ba. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa sinadaran kashe ƙwayoyin cuta triclosan da triclocarban a sabulun wanka na gida, domin kamfanoni sun kasa nuna cewa ya fi sabulu na yau da kullum. Wadda fatarta ba ta da juriya, ko mai fama da bushewa da ƙaiƙayi, sabulun ruwa marar kaifi ya fi mata salo nesa ba kusa ba. Shi kuma sabulun haɗi da ake tallatawa a WhatsApp, wanda aka ce salo ne da zuma da kurkur amma a sati guda zai sa ki yi haske, ki tambayi kanki tun yaushe zuma ta fara wannan aikin.

A wajen mai ne mata da yawa ke yi wa kansu illa da sunan gargajiya. Man kaɗanya mai ne mai albarka, ƙasarmu ce ma kan gaba a duniya wajen noman 'ya'yansa, daga Neja zuwa Kwara zuwa Kebbi. Amma shi da basilin, wanda tun 1872 aka yi masa rajista a Amurka, aikinsu ɗaya: su rufe fata kada ruwan cikinta ya fita. A hunturu abin da ake nema ke nan. A bazara kuwa ƙofar da gumi zai bi suke tsukewa, daga nan sai ƙurajen zafi a wuya da baya da ƙirji.

Sai dai bazarar ma ba ɗaya ba ce. A Maris iska a bushe take, gumi na fitowa yana bin iska, ƙafa tana iya ci gaba da faso kamar hunturu bai tafi ba. A lokacin ki lakaci man kaɗanya kaɗan, ki narka a hannu, ki shafa wa ƙauri da gwiwar hannu da dunduniya tun jiki da damshi. In Mayu ta kama, hadari ya fara haɗowa yana watsewa, iska ta yi nauyi, gumi ya ƙi bushewa, to daga gwiwa zuwa sama a ɗaga masa ƙafa. Nan mai na kanti mai ruwa-ruwa, irin wanda fata ke shanyewa nan take, ya ci gari. Baya da ƙirji ma in kin bar su haka nan ba abin da zai same su.

In ƙurajen sun riga sun fito, tsofaffi suna dafa ganyen darbejiya a bari ya huce a yi wanka da shi, kuma mutane da yawa suna jin sanyinsa. Ruwan kalamin na kemis ma yana kwantar da ƙaiƙayin. Ko wanne kika ɗauka, maganin na gaskiya shi ne wurin ya sha iska. Farar hoda kuwa a yi hattara da ita. Kamfanin Johnson & Johnson ya daina sayar da hodar jarirai mai sinadarin talc a duk duniya a 2023, ya koma ta garin masara, a 2024 kuma cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa talc a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar kansa. Tsohuwar al'adar barbaɗa hoda a ɗan kamfai dai a bar ta, kuma kada a tashi ƙurarta kusa da hancin jariri.

Hammata

Alif ɗin da ake jefawa a randa ruwa ya kwanta, shi ne maganin warin hammatar iyayenmu. A jiƙa shi, a goga bayan wanka, a bari ya bushe. Gumi shi kaɗai ba ya wari, ƙwayoyin da ke rayuwa a fata ne suke cin sa su fitar da tsamin, alif kuma yana takura musu. Ba shi da ƙamshin da zai yi faɗa da turarenki, ba ya ɓata riga, dunƙule ɗaya sai ya yi miki watanni. Abin da ba ya yi shi ne tsayar da gumin. Za ki jiƙe, wari ne dai ba za ki yi ba.

Na kanti iri biyu ne, kuma mata da yawa ba sa bambancewa. Wanda aka rubuta wa deodorant wari kawai yake rufewa, kusan aikin alif ke nan da ƙarin ƙamshi da ƙarin kuɗi. Wanda aka rubuta wa antiperspirant shi ne ke toshe ƙofofin gumi na ɗan lokaci, kuma ya fi kamawa in an shafa da dare a busasshiyar hammata, lokacin da jiki bai cika zufa ba. Shi ne kuma ke barin rawayan tabo a farar riga. Saboda haka mai zaman gida, wadda in ta ji ta dame za ta shiga ta watsa ruwa, alif ya ishe ta. Malamar makaranta da za ta ɗaga hannu a allo har ƙarfe biyu, ko ma'aikaciyar jinya, ko 'yar kasuwa, ta sayi mai tsayar da gumin ta huta da jin kunya.

Lemon tsami a hammata kuma, duk da yawan masu ba da shawararsa, ban yarda da shi ba. A kan sabon aski raɗaɗi yake yi, in ya yi ta ƙona wurin baƙi yake ƙarawa. A fuska ko hannu ya fi muni, domin ruwan lemon tsami in ya haɗu da rana yana iya barin tabo kamar na ƙuna.

Wajen cire gashin, halawa ta fi reza. Sukari ne da lemon tsami da ruwa kaɗan, a dafa har ya yi kalar zuma, a ɗiga a ruwan sanyi, in ya dunƙule ya yi. A murza a ja har ya yi danƙo. Tana tuge gashi daga tushe, sai ki yi sati biyu zuwa uku ba ki waiwaye shi ba, reza kuwa kwana uku ya dawo da ƙaiƙayinsa, ga ƙurajen da gashi mai murɗewa irin namu ke yi in ya koma cikin fata. Amma halawa ba ta shiri da gumi. Da rana saki take yi, ta narke a hannu, ta ƙi kama gashi. Da sassafe ake yin ta, a fara busar da wurin sarai.

Fuska da rana

Hodar da iyayenmu ke kira fankeke ba a Kano aka raɗa mata suna ba. Pan-Cake ce, wadda kamfanin Max Factor ya ƙirƙiro a Holiwud a ƙarshen shekarun 1930 domin 'yan fim, lokacin da fim mai kala ya fara tona asirin tsohuwar kwalliya. Ke nan abin da muke gani na gargajiya ma wata rana sabon yayi ne. Amfaninta a zafi shi ne busasshiya ce, shafi ɗaya, tana shanye maiƙo. In kin yi alwala kin goge fuska, minti ɗaya ya isa ki mayar da ita.

Kwalliyar yanzu kuwa gini ce hawa-hawa: a shafa na ƙasa, a ɗora mai ruwa, a bi da mai ɓoye tabo, a danne da hoda, a fesa mai riƙewa. A ɗaki mai na'urar sanyi, gaban kyamara, ba ta da na biyu, kuma ba zan ce wa amarya kada ta yi ba. Amma ta awa uku ce zuwa huɗu, kuma sai an tabbatar da janareta. Ga azahar da la'asar suna nan tafe a tsakiyar wunin, ko dai ki wanke kuɗinki a buta ko ki yi ta kaffa-kaffa da alwalar safe. Na yau da kullum a bazara, hoda ɗaya mai kalar fatarki da ɗan jan baki marar maiƙo sun fi rufin asiri.

Inda kanti ya yi wa adudu fintinkau shi ne rana. Kakarmu ba ta san man kare rana ba domin ba ta buƙace shi ba. Ba ta fita da tsakar rana, in fitar ta kama akwai mayafi da lema. Jikarta kuwa tana tsaye a bakin titi ƙarfe ɗaya tana jiran adaidaita sahu, ko tana taka sayyada daga wannan aji zuwa wancan a jami'a. Baƙar fata ta fi fara jure rana, wannan gaskiya ne, amma rana ce ke ƙara duhun tabon ƙuraje, ita ce ke fito da baƙin nan na kunci da goshi da mata ke samu musamman bayan ciki. Man kaɗanya ba ya tsare wannan. Ki nemi mai lamba SPF 30 ko sama, wanda ke tare wajen kashi 97 cikin ɗari na hasken da ke ƙona fata, kuma in za ki daɗe a waje kina gumi a sake shafawa bayan awa biyu. Ki gwada a bayan hannu kafin ki biya, domin wasu suna barin fari a baƙar fata kamar an tsoma mutum a toka. Ga zabiya wannan mai ba kwalliya ba ne, magani ne.

Mai shafe-shafen bilicin ita ce bazara ta fi yi wa rashin mutunci. Hydroquinone da sitiroyid da makuri, wanda tsofaffi ke kira zaiba, su ne a cikin yawancin mayukan. Suna rage abin da ke kare fata daga rana, sitiroyid kuma yana sa ta yi siriri, jijiyoyi su fito kore. Shi ya sa a Afrilu za ki ga kunci ya ƙone, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, ga wani wari da turare ba ya rufewa. Kwaddibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Gana ta hana masu hydroquinone a 2016, NAFDAC kuma ta kira lamarin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Dilka ta gaskiya, wadda ta zo mana daga Sudan ta hanyar Barno, ba ta sauya launi. Dattin fata take murjewa, kurkur ya bar ɗan sheƙi na 'yan kwanaki. In an kai amarya gidan gyaran jiki baƙa ta fito fara, a tambayi abin da aka zuba a kwaɓin. Shiga bargo a kan hayaƙi kuma, a wannan zafin, sai da dare, a sha ruwa sosai, mai ciki ta haƙura.

Kai, lalle da ƙamshi

Kai dai kitso ya ci, ba gardama. Matsakaici, ba ƙanana ƙwarai da za a ji ƙyashin tsefewa har wata guda ba, a wanke duk sati, kuma a bari ya bushe kafin a ɗaura ɗankwali. Jiƙaƙƙen kai a ƙarƙashin hula da hijabi shi ne mafarin tsami da amosani. A gaya wa mai kitso ta sassauta hannu a gaban goshi, domin jan nan ne ke cinye gashin gaba, in ya daɗe kuma ba ya dawowa. Gashin doki, ban da maganar da malamai suka yi a kansa, bargo ne kika ɗora wa kanki a bazara. Karkashi, wanda 'yan Chadi ke kira ambunu, yana warware gashi ya sa shi santsi fiye da mayukan kanti masu yawa, sai dai a tace shi da kyau, kuma ba ya fitar da maiƙo mai nauyi, don haka a fara da shamfu a gama da shi. Man shanu a ajiye wa hunturu. Duk wadda ta taɓa zama bayan mai man shanu a motar haya da rana ta san dalili.

Jan lalle na gida ban san abin da ya kai shi ba. Ganye ne da ruwa, launinsa yana kama fata da farce ba tare da ya yi musu rufi ba, shi ya sa ruwan alwala ke ratsa shi, saɓanin jan farce na kwalba. Ga sanyin da tafin ƙafa ke ji in an ƙunsa. Wahalarsa lokaci. Da can sai a zura hannu a zunguru a wuni, ƙafa a naɗe da ganye da tsumma a kwana. Yanzu salatif ya kawo zane, leda ta maye tsumma, amma awannin suna nan.

Gajen haƙurin nan ne ya kawo dayis. Baƙin lalle ba lalle ba ne. Sinadarin rina gashi ne mai suna PPD, wanda ƙasashe da yawa suka yarda a sa kaɗan a man rini amma ba su yarda a zana a fata ba. Rabin awa ya kama, ya yi kyau a hoto. A wasu matan kuma bayan 'yan kwanaki zanen yakan tashi ya yi ruwa, furen da aka zana ya koma tabo da siffarsa. Na ga wannan da idona a hannun wata amarya, kwana tara da biki, kowane reshe na zanen ya kumbura kamar an bi shi da allura. In jiki ya ƙi shi sau ɗaya ya ƙi shi ke nan har abada, har rinin gashi ma ba za ta ƙara yi lafiya ba. Likitoci a Khartum sun daɗe suna ba da rahoton waɗanda gubarsa ta kwantar. Cewa kin sha yi ba abin da ya same ki ba hujja ba ce, sau da yawa sai an maimaita jiki yake tayar da ƙayar baya. Jan lallen ma kada a sa wa jariri, domin yaran da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ba baƙo ba ne a yankinmu, yana iya fasa musu jini.

Ƙamshi kuma na Barno ne, mu duka almajirai ne. Dabarar tsofaffi ita ce tufafi ake turarawa. A kifa kabbasa a kan kasko, a shimfiɗa zani da mayafi su sha hayaƙin sandal da farce da kajiji, ƙamshin ya shiga zare ya zauna. Humra da turarukan mai irin su Bintu Sudan, wanda wani kamfanin Landan ya haɗa a 1920 ba tare da alkohol ba, daga baya Kano ta zama cibiyar yin sa, sun fi daɗewa a zafi, domin mai ba ya saurin tashi. Na fesawa alkohol ne ke ɗauke da shi, shi ya sa yake cika ɗaki nan take ya kuma gudu da wuri. Amfaninsa rashin nauyi, ya fi dacewa da ofis da aji inda humra za ta iya hawa wa mutane kai. Duka biyun ba sa gyara jikin da ya riga ya yi tsami, haɗuwarsu ma ta fi tsamin shi kaɗai tayar da zuciya. Sannan atamfar auduga ta fi kowane turare taimako. Leshi mai roba da baƙar abaya mai santsi, ko me kika fesa musu, tukunya ce kika shiga kika rufe.

Kwalli

Na bar shi ƙarshe domin shi ne ya fi yi min ciwo. Tandun kakarmu na fata ne, ya yi baƙi saboda tsufa, tsinkensa ɗaure da zare a wuyansa. Na sha zama ina kallon ta tana niƙa dutsen, mai ƙyalli kamar azurfa, tana tankaɗewa da ƙyalle har ya yi laushi. A zafi ba abin da ya kama ƙafarsa. Gari ne, ba ya narkewa, in gumi ya taɓa shi ma wani lumshi yake ƙara wa ido. Fensirin kanti na arha kafin azahar ya zubo ƙarƙashin ido kamar an kwana ana kuka.

Amma dutsen nan mai ƙyalli galibi dutsen dalma ne. A 2011 a birnin Boston na Amurka aka gwada jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan 'yan Najeriya, aka ga dalma ta yi yawa. Aka bincika gidan ba a sami komai ba sai kwallin da ake sa masa. Da aka auna kwallin, kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa rahoton a 2012, har da sunayensa na gida a ciki: tiro, tozali, kwalli. Mu kuwa ba sai an gaya mana mece ce dalma ba. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Wancan daga haƙar zinare ne, kuma yawanta ya ninka na kwalli nesa, ba na haɗa su. Sai dai dalma ko kaɗan ce ba ta da adadin da aka ce lafiya lau ne ga yaro. Ba ta sa shi kuka ko zazzaɓi a gane. Ƙwaƙwalwa take taɓawa a hankali, sai an sa shi makaranta a ce ba ya ganewa. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki, ta nan take shiga. Mai ciki kuma dalmar da ke jininta tana isa ga ɗan da ke cikinta.

Za a ce ai kwalli sunna ne, kuma haka ne. Amma gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe da dama sun sami dalma har a cikin wanda ake sayarwa da sunan ismid, wato irin kwallin da hadisi ya ambata, ciki har da na tsarabar aikin hajji, kuma ido ba ya iya bambancewa. Ga kuma tsinke ɗaya da gida duka ke amfani da shi. In afolo ta shigo, ciwon idon nan da ya samo suna a Gana a 1969, shekarar da aka sauka a duniyar wata, tandu ne ke raba ta ɗaki-ɗaki.

A nan na zaɓi kanti. Fensirin ido na kamfanin da aka sani, mai lambar NAFDAC, irin wanda ruwa ba ya wankewa, kowa da nata, a goge shi kafin a kwanta. Bai kai kwalli kyau ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Jarirai kuwa ba kwalli ba fensir.

Ranar sunan 'yata ta fari, mahaifiyata ta fito da tandun, wanda ta gada bayan rasuwar kaka, ta ce a miƙo mata jaririya. Na ce, "Umma, don Allah a bar mata idonta haka." Ta dube ni ta ce, "Ku duka da shi na raine ku, wa ya makance?" Na yi bayanin dalma iya iyawata, ƙanwarta tana gefe tana taɓe baki tana cewa boko ya gama da mu. Umma ba ta ce ta yarda ba. Ta dai zare tsinken, ta zizara wa idonta, ta mayar da tandun cikin jaka, ta karɓi yarinyar ta yi mata addu'a. Har yau tana sa kayanta kowace safiya, ni ma na daina yi mata magana. Jikokinta bakwai yanzu, ba wanda ta sa wa.